Hamadar abinci a Kano

Hamadar abinci suna ne da masu nazarin birane da kiwon lafiya suke bai wa unguwa ko yankin da mazaunansa ke shan wahala kafin su samu abinci mai gina jiki a farashin da za su iya biya. Ba yunwa tsagwaronta ake nufi ba. Mai zama a irin wannan unguwa yana iya cika cikinsa sau biyu ko uku a rana, amma cimarsa ba ta wuce tsaba da mai da sukari, ganye da 'ya'yan itatuwa da wake da ƙwai da kifi da nama da nono kuwa sai jefi-jefi. A Jihar Kano abin ya fi fitowa fili a unguwannin da suka cika maƙil a gefen birni, irin su Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Rimin Kebe, Ɗorayi, Sheka da Sauna. Hakan na faruwa ne duk da cewa jihar tana sahun gaba wajen noma a Najeriya, kuma ƙananan hukumominta na kudu, wato Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, suna fitar da masara da shinkafa da kayan lambu zuwa sassan ƙasar.

Asalin kalmar da fassararta

Kalmar ta taso ne daga Birtaniya. Ana danganta ta ga wani mazaunin rukunin gidajen gwamnati a yammacin Sikotilan a farkon shekarun 1990, sannan ta bayyana a rahoton wani kwamitin gwamnatin Birtaniya kan cimar masu ƙaramin ƙarfi a 1995. A wancan lokaci manyan kantuna suna ƙaura zuwa bayan gari, inda sai mai mota ke iya zuwa, ƙananan shagunan unguwa kuma suna ta rufewa. Daga baya kalmar ta ƙetara Amurka, inda Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta yi mata ma'auni: yankin masu ƙaramin ƙarfi wanda aƙalla mutum 500, ko kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa, suke nesa da babban kantin abinci da fiye da mil ɗaya a birni, ko mil goma a karkara.

"Hamadar abinci" fassarar kai tsaye ce daga Turanci, kuma ba a jin ta a bakin mai cefane ko mai kayan miya. Hausa tana da nata kalmomin da suka riga ta siffanta halin. Gaya shi ne tuwon da ba miya. Lami ita ce miyar da ba ta ji kayan haɗi ba. Mahaɗi shi ne abin da ake ci da shinkafa ko taliya ko gurasa, kuma idan magidanci ya ce akwai hatsi a gida amma ba na cefane, ya faɗi kusan duk abin da masana suke nufi da tasu kalmar. Akwai kuma sunan da ake kiran 'ya'yan itatuwa da shi, kayan marmari, wato abin da ake ci don sha'awa. Sunan ya ajiye lemo da ayaba da gwanda a wajen buƙatun yau da kullum, kusa da ƙwalama da maƙulashe. Bai kamata a ɗora wa kalma nauyin da ya fi ƙarfinta ba, domin sunan bai taɓa hana kowa shan mangwaro idan ya yi araha da bazara ba, amma yana nuna matsayin da waɗannan abubuwa suke da shi a lissafin gida: su ne na farkon fita idan kuɗi ya yi kaɗan.

Dacewar kalmar da biranen Afirka

Ma'aunin Amurka ba ya aiki a Kano. Idan aka bi shi, kusan duk birnin zai zama hamada, tun da manyan kantunan zamani 'yan ƙalilan ne, kuma mafi yawan Kanawa ba can suke cefane ba. Shoprite, wanda ya buɗe a cibiyar kasuwanci ta Ado Bayero a 2014, ya rufe reshen nasa a watan Janairun 2024, kuma rufewar ba ta sauya abin da ake dafawa a Kurna ko Sheka ba. A ɗaya ɓangaren kuma, da wuya a samu lungun da ba mai tebur ɗin kayan miya, ko mai shago, ko gidan da ake sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa. Abincin yana kusa. Samun sa ne ke da wuya.

Masu bincike irin su Jane Battersby da Jonathan Crush, waɗanda suka yi aiki a biranen kudancin Afirka, sun yi wannan gyara tun wajen 2012 zuwa 2014: a birnin Afirka abin dubawa shi ne kuɗin da ke shiga gida, da farashi, da ingancin abin da ƙananan 'yan kasuwa ke iya kawowa unguwa. Ko a Amurka ma an samu masu ja da ma'aunin nisa. Wani bincike da Hunt Allcott da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya gano cewa ko da an bai wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi kaya iri ɗaya da farashi iri ɗaya da na masu hali, tazarar da ke tsakanin cimarsu ba za ta ragu da fiye da kusan kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka masu amfani da kalmar a kan Kano suna nufin haɗuwar talauci da tsada da rashin wurin ajiya da tsadar makamashin girki, ba nisan kanti ba.

Inda abincin yake fitowa

Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma daminarsa ta fi tsawo. Doguwa, wadda ke iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi a gefen dajin Falgore, ta yi suna a noman masara. Tudun Wadan Ɗankadai an san ta da noman shinkafa da turara ta da kuma kasuwarta, inda mata suke da babban hannu a aikin gyaran shinkafar. Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Ƙiru, a kan titin Kano zuwa Zariya, mahaɗa ce da kayan gona suke taruwa kafin a yi lodinsu. A Bebeji kuma akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma ita ce ke shayar da aikin noman rani na Kogin Kano a Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Daga nan ake samun tumatir, albasa, attaruhu, alkama da shinkafar rani. Madatsar kanta tana samar da kifi.

Kayan suna shiga birni ta manyan kasuwannin sari. Hatsi da wake da riɗi suna zuwa Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma. Kayan gwari suna sauka a 'Yan Kaba. 'Ya'yan itatuwa, yawancinsu daga Binuwai da kudancin ƙasar, suna sauka a 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Kayan masarufi na kamfani, irin su sukari, fulawa, taliya da man girki, ana sarin su a Singa.

Sai dai ba duk abin da aka noma a kudancin jihar ne yake nufar birnin Kano ba. Babbar kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana loda manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu, inda farashi ya fi tsoka. An ga girman wannan ciniki a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Tumatir da albasa suka yi kwantai a kasuwannin arewa, farashinsu ya faɗi warwas, a Legas kuma ya yi tashin gwauron zabi. Abin da wannan ya nuna shi ne mai cefane a Rimin Kebe yana takara ne da mai saye a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko da bai sani ba.

Tumatir ma ba ya jure ajiya. Ana yawan ambaton cewa kusan kashi 40 cikin 100 na wanda ake nomawa a Najeriya yana lalacewa kafin ya kai ga tukunya, saboda kwandunan da ake danne shi a ciki, da zafi, da doguwar hanya. Da sanyi, lokacin kakarsa, yakan yi arahar da manomi ba ya mayar da kuɗinsa, har a riƙa yanka shi ana shanyawa a bakin titi don yin kauɗa. Da damina kuma yakan gagari talaka. A 2016 ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoma suke kira sharon, ya cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, har masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ta fara aiki a shekarar, ta tsaya saboda rashin kaya.

Daga kasuwar sari zuwa tukunya

Tsakanin 'Yan Kaba da teburin mai kayan miya na unguwa akwai dillali, da ɗan dako, da kuɗin Adaidaita Sahu, da asarar abin da ya ruɓe kafin yamma. Kowane mataki yana ƙara wani abu a kan farashi. Mai hali yana iya tsallake matakan: ya je kasuwa da motarsa, ya sayi kwandon tumatir da buhun shinkafa, a markaɗa a sa a firji. Leburan gini ko ɗan garuwa ko mai wankin hula, wanda sai ya fita ya samo kafin a ɗora tukunya, ba shi da wannan dama. Shi da awo yake ci. Yana sayen gwangwanin shinkafa maimakon kwano, ƙullin mai maimakon galan, kashin tumatir uku ko huɗu maimakon kwando. Idan aka tara abin da ya biya a wata, sai a tarar ya sayi kowane mudu da tsada fiye da wanda ya fi shi kuɗi.

Mai tebur ma yana da nasa lissafin. Ba zai saro abin da zai kwana ya lalace a hannunsa ba, don haka abin da ya fi ajiyewa shi ne wanda ba ya ruɓa: kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, daddawa, ɗunƙulen ɗanɗano da tumatirin leda. Alayyafo da kabeji da karas sukan zo da safe su ƙare, ko kuma a same su sun yi yaushi. Akwai kuma tumatirin da ya fara fashewa, wanda ake warewa a sayar da rahusa, kuma kasuwarsa tana unguwannin marasa ƙarfi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fara fitar da wani ma'auni a farkon 2024, wanda ke nuna mafi ƙarancin kuɗin da baligi ɗaya yake buƙata a rana don ya ci abinci mai lafiya daga kayan da suka fi araha a kasuwar yankinsa. Matsakaicin ƙasa ya kasance naira 786 a Disambar 2023, ya kai naira 1,241 a Yunin 2024. A kan farashin Yuni, baligi ɗaya yana buƙatar naira 37,230 a kwana talatin, mutum biyu kuma naira 74,460. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kano kuma ta amince da 71,000. Wato albashin bai kai ya ciyar da miji da mata ba, balle 'ya'ya, kuma yawancin mazauna waɗannan unguwanni ba ma'aikatan albashi ba ne. Arewa maso yamma takan fito a matsayin shiyyar da ta fi araha a wannan lissafi, amma ita ce kuma take cikin waɗanda suka fi ƙarancin kuɗin shiga da yawan baki a gida ɗaya. Rahotannin sun nuna cewa nama, kifi, ƙwai da nono su ne rukuni mafi tsada, suna cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ma'aunin bai haɗa da kuɗin mota ko na girki ba.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Wake shi ne naman talaka, amma yana cin wuta. Idan gawayi da itace da gas suka yi tsada, uwargida takan zaɓi abin da zai dahu da wuri, wato taliya da manja ko shinkafa da mai da yaji. Rashin tsayayyar wutar lantarki yana nufin ba a ajiye miya ko kifi ko nono. A unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa, wanda za a wanke ganye da shi ma sai an saya a wurin 'yan garuwa.

Talla da abincin titi

Wani kaso mai yawa na abin da ake ci a unguwannin Kano ba a gidan mai cin sa aka dafa shi ba. Mata suna dafawa a cikin gida, yara suna fita talla, ko kuma a aiko a saya. Polly Hill ta rubuta game da wannan ɓoyayyen ciniki na matan Hausawa a 1969, Enid Schildkrout kuma ta yi nazarin tallar yara a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Tsarin yana nan har yau, kuma shi ne ke ciyar da almajirai, 'yan ci-rani, gwagware da ɗalibai.

Ba daidai ba ne a ɗauki abincin talla duka a matsayin marar amfani. Ƙosai, alale, ɗanwake, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, dambu mai ganye, fate, kunun gyaɗa da fura da nono duk abinci ne masu gina jiki, kuma sun fi araha a sayi na ɗari biyu a kan a hura wuta a dafa. Awara, wadda ake yi da waken suya, ta zama babbar madogara ga gidajen da nama ya fi ƙarfinsu, har wasu suna yi mata laƙabi da ƙwai da ƙwai. Matsalar ita ce tsada tana sauya abin da ke cikin kwanon ba tare da sunan ya sauya ba. Garau-garau shinkafa da wake ce, amma waken yana raguwa idan farashinsa ya hau. Ana ƙara rogo a ɗanwake. Ana maimaita man suya har ya yi baƙi. Kusa da waɗannan kuma ga teburin mai shayi da burodi da Indomie, ga wainar fulawa, ga lemon kwalba da na leda, waɗanda ke cika ciki da sauri kuma yara suna son su. A ƙasashen Turai da Amurka ana kiran unguwar da irin wannan abinci ya mamaye da sunan da za a iya fassarawa da fadamar abinci, wato wurin da abinci ya yi yawa amma ba mai amfani ba.

Lambunan cikin gari

A da birnin Kano yana ciyar da kansa daga gonakin da ke kewaye da shi. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke zagaye da birnin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna suke fita da taki daga cikin gari zuwa gonaki, su dawo da itace da amfanin gona. Ɗorayi misali ce mai kyau. Lokacin da Polly Hill ta yi bincike a can a farkon shekarun 1970, don littafinta da ya fito a 1977, karkara ce ta manoma masu gidaje a warwatse cikin gonakinsu. Yanzu tana cikin unguwannin da suka fi cunkoso a Kano. An yanka gonakin an yi fulotai, sau da yawa na awon igiya, ba tare da an bar filin kasuwa ko na lambu ba. Jikokin manoman sun koma masu sayen abin da kakanninsu suke nomawa a bayan ɗaki.

Lambunan da suka rage a cikin gari suna bin rafukan Jakara da Getsi, da kuma gefen kogin Challawa. Daga nan ake samun latas, alayyafo, kabeji da karas masu araha, kuma kusa. Sai dai Jakara tana ɗauke da ruwan kwatocin tsohon birni, Getsi tana bi ta yankin masana'antu na Bompai, masana'antun fata da ke Sharaɗa da Challawa kuma suna kusa da ruwan da ake ban-ruwa da shi a can. Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero sun wallafa bincike a 2003 da ya nuna gurɓatar ruwan da ake shayar da irin waɗannan lambuna. Wannan ya sa mai ba da shawarar a yawaita cin ɗanyen ganye a unguwannin talakawa yake cikin tsaka mai wuya: ganyen da ya fi sauƙin samu shi ne wanda aka fi shakkar ruwansa. Hana noman kuma zai raba dubban mutane da sana'a, ya kuma ƙara wa ganyen tsada.

Tsadar 2023 da 2024

An shiga 2023 da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, abin da ya fi taɓa masu ƙaramin ciniki da ba su da asusun banki. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya ninka, darajar naira kuma ta faɗi. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci. A ƙarshen watan aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, cinikin dabbobi da wake da sauran kaya tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram ya samu cikas. Hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a Yunin 2024.

A farkon Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka yi zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa. A cikin watan ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, zargin da shugabannin kasuwar suka musanta. A lokacin ne kuma BBC ta ba da rahoton yadda mutane suka koma cin wata shinkafa da a da injinan casa suke warewa a sayar wa masu kiwon kifi. Sunan da aka sa mata, afafata, daga aikatau "fafata" yake, saboda wuyar dahuwa da wuyar ci. Irin wannan raɗa wa abincin wahala suna tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, inda yunwar shekarun baya ma kowace take da sunanta. Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga Agusta 2024 ta yi zafi a Kano har aka sa dokar hana fita.

Illa ga lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma gishirin da yake ci kada ya kai giram 5. Cimar da ta dogara ga tsaba da mai da ɗunƙulen ɗanɗano takan gaza na farko, ta zarce na biyu.

Yara ƙanana ne suka fi jin jiki. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A arewa maso yamma adadin ya kai kashi 57, a Jihar Kano ma ya haura rabi. Tsumburewa tana faruwa ne a hankali, musamman daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma tana shafar ƙwaƙwalwa da karatu. Yaron da aka yaye da koko zalla, ba gyaɗa ba madara ba ƙwai, yana iya ƙoshi amma ba ya girma yadda ya kamata. Tamowa mai tsanani, wadda ke ramar da yaro ko ta kumbura shi, takan ƙaru da damina, lokacin da abinci ke tsada kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa suke yawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da irin waɗannan yara a Unguwa Uku, a tsakiyar birnin da ke da kasuwar Dawanau. Ƙarancin jini ga mata masu ciki shi ma yana da alaƙa da wannan cima. A gefe guda kuma hawan jini da ciwon sukari, waɗanda a da ake ɗauka cutar masu kuɗi ce, sun zama ruwan dare a unguwannin marasa ƙarfi, har a gida ɗaya a samu yaro mai tamowa da babba mai ciwon sukari.

Garuruwan kudu su kansu

Kusanci da gona ba ya tabbatar da cima mai kyau. Ƙididdigar talauci ta fuskoki da dama da aka fitar a 2022 ta nuna kashi 72 cikin 100 na mazauna karkarar Najeriya suna cikin talauci, a birane kuma kashi 42. Ƙaramin manomi a Ƙiru ko Doguwa yakan sayar da masararsa da kaka, lokacin da ta fi araha, don ya biya bashin taki da hidimar biki da ta makaranta, sannan ya dawo yana awo da damina a farashi mai tsada. Mafi kyawun tumatir da kifin Tiga da ƙwan gida kasuwa ake kai su. A cikin garuruwan Tudun Wada da Bebeji da Ƙiru akwai lebura da 'yan dako da matan da mazajensu suka tafi ci-rani, waɗanda ba su da gona ko kaɗan, kuma halinsu bai bambanta da na mazaunin Bachirawa ba. Abin da karkara ta fi birni da shi shi ne ganyen da ba a saye, irin su tafasa, lalo, rama, zogalen shinge da kuka, da 'ya'yan itatuwan daji kamar ɗinya, kanya, magarya da ɗorawa. Su ma suna raguwa saboda saran itatuwa don gawayin da ake kaiwa birni.

Matakan da aka gwada

Najeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri tun 1993, sannan a 2002 ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Wannan yana isa ga mai sayen kayan kamfani, amma man da ake aunawa daga duro a ƙulla a leda ba kullum ake sanin asalinsa ba. Shirin ciyar da ɗaliban firamare na tarayya ya fara a 2016, ya kuma yi ta tsayawa yana tashi. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari. A Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da aka cire wa ɓawo amma ba a goge ba, na kwana 150. Farashin hatsi ya sauka a 2025, abin da ya sauƙaƙa wa mai awo a birni, amma manoman masara da shinkafa suka koka cewa kuɗin taki ya fi abin da suke samu.

A matakin jiha akwai rabon abincin buɗa-baki da azumi, da Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003, da aikin gyaran hanyoyin ruwan Kogin Kano da Bankin Duniya ya tallafa wa. Yawancin tallafin da ake rabawa shinkafa ce da masara da taliya, wato abin da ke maganin yunwa amma ba ya taɓa matsalar mahaɗi. Ma'aikatan lafiya a asibitocin unguwa suna koya wa iyaye mata haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, wanda aka fi sani da Tom Brown, da kuma shuka zogale da alayyafo a buhu ko tsohon bokiti, ko da yake gidan haya mai ɗaki ɗaya da tsakar gida ta mutum goma ba ya barin wurin yin hakan.

Ta fuskar ajiya, Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunyar ƙasa a cikin wata babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana sanyaya ta ciki, sai tumatir da tattasai da ganye su yi kwanaki ba su lalace ba, kuma ba a buƙatar wutar lantarki. Dabarar ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe, ƙarfinta kuma yana raguwa da damina, wato daidai lokacin da kayan miya suka fi tsada a Kano.